Kwatar Ƙofar Gida: Tamu Ce Ko Ta Ciyaman?

A daminar da ta wuce, wata ranar Laraba, aka kwana ana ruwa a unguwarmu. Kafin asuba ruwa ya cika layi, ya tsallake dokin ƙofa ya shiga gidaje wajen goma. Katangar wata tsohuwa ta zube, Allah ya kiyaye jikokinta ba a nan suka kwana ba. Babu wanda ya tsaya tambayar dalili, domin kowa ya san shi: babbar kwatar da ta ratsa unguwar ta toshe da leda da yashi da bola, shekara uku rabon da a yashe ta.

Bayan an idar da sallar asuba mai unguwa ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Ya ce ranar Lahadi akwai gayya, kowane magidanci ya kawo naira dubu biyu a hayo baro da shebur da motar kwasar shara, matasa kuma su fito da ƙarfinsu. Kowa ya ce to, sai mutum ɗaya, wani malamin firamare da ya kusa ritaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ni ko sisi ba zan bayar ba. Bara mu muka haɗa kuɗin taransfoma. Wancan watan mu muka gyara famfon tuƙa-tuƙa. 'Yan sintiri mu ke biyan su. Yanzu kuma kwata. To shi ciyaman mene ne aikinsa? Duk ran da muka yi musu aikinsu, mun ƙara musu abin da za su sa a aljihu ne."

Wuri ya yi tsit. Can sai wani dattijo, tela ne, ya gyara zama ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, babu ƙarya a ciki. Amma ruwan nan da zai dawo jibi, ɗakin ciyaman zai shiga ko ɗakinka?" Aka yi dariya aka watse.

Mai karatu, tun daga ranar maganar mutanen nan biyu take yi mini yawo a ka. Dariyar da aka yi ta nuna tela ya kayar da malam, amma ni ban ga an kayar da shi ba. Tambaya ce mai nauyi wadda kowace unguwa da kowane ƙauye ke fama da ita ko da ba su furta ba: idan jama'a suka tashi suka yi wa kansu aikin da hukuma ta ƙi yi, aikin alheri suka yi, ko kuwa rufa wa azzalumi asiri suka yi? Wanda kuma ya naɗe hannu ya ce sai hukuma ta zo, mai kishin gaskiya ne, ko mai neman hujjar ƙyuya?

Bari mu fara ba malam haƙƙinsa, domin doka tana bayansa. Tsarin ƙananan hukumomin da muke da shi ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, inda aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya. A hankali aka yi ta ƙari har suka kai 774, waɗanda aka jera sunayensu a tsarin mulkin 1999. Kano ce kan gaba da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce. Hikimar ita ce a kawo gwamnati kusa da talaka, ta yadda mutum zai iya hawa keke ya je ya sami mai mulkinsa.

Tsarin mulkin bai bar su haka nan ba, ya lissafa musu ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kula da su, da kwasar shara, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da bandakunan jama'a, da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Sannan suna da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da harkar noma. Ka ga kenan kwatar da ta cinye katangar tsohuwar nan, a rubuce take cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ba kuma da hannu wofi aka ce su yi ba. A rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Wato duk naira biyar da aka raba, kusan guda tasu ce, kowane wata, ba fashi.

To ina kuɗin suke maƙalewa? Sashe na 162 na tsarin mulkin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda kasonsu ke fara sauka. Shekara da shekaru ana kukan cewa gwamnoni na riƙe wuyan wannan asusu, su cire na wannan aiki su cire na wancan, abin da ya rage da kyar ya biya albashi. Ga kuma al'adar rushe zaɓaɓɓu a naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. An yi murna, amma aka shafe fiye da shekara guda ana ja-in-ja kan yadda za a aiwatar. A zaɓuɓɓukan da jihohi suka yi ta shiryawa a 2024 kuwa, a jihohi da dama jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun ciyaman kaf, ko ɗaya ba a bar wa 'yan adawa ba. Ciyaman ɗin da ya san daga gidan gwamnati kujerarsa ta fito, can zai riƙa kallo. Ba shi da dalilin waiwayar kwatar unguwarmu.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika son faɗa ba, don yana da ɗaci. Iyayenmu da kakanninmu sun biya haraji da jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har ya isa baitulmali. An sha wuya ƙwarai a wannan tsari. An shanya mutane a rana, an ɗaure wasu, wasu sun sayar da akuyar gida, wasu sun bar gari sun shiga duniya saboda kuɗin haraji. Yaƙi da irin wannan danniya na daga cikin abin da ya sa talakawa suka rungumi NEPU da Malam Aminu Kano tun daga 1950. Shi ya sa da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979 suka soke haraji da jangali, talaka ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Sun yi daidai, kuma babu mai hankalin da zai ce a dawo da bulalar dogarai.

Amma wani abu ya tafi tare da rasit ɗin harajin nan. Mutumin da ya ƙirga kuɗi da hannunsa ya miƙa, ya san cewa shi ke ciyar da hukuma. Ko tsoro ya hana shi magana, a ransa ya san ana cin guminsa. Da kuɗi suka koma zuwa daga sama, na man fetur, sai muka fara kallon su kamar ruwan sama: in ya sauka a gonarka ka gode Allah, in ya tsallake ka ka yi haƙuri. Daga nan harshenmu ma ya canza. Ciyaman ya gina aji biyu sai mu ce "ya taimaka mana". Kansila ya raba atamfa da azumi sai mu ce "mutumin kirki ne, yana da kyauta". Haƙƙi ya koma alfarma. Kayan gwamnati kuma suka zama kayan da ba su da mai su, shi ya sa mutum zai ga ana kwance ƙofar makarantar firamare ya wuce abinsa.

Alhali kuwa har gobe muna biya. Duk katin wayar da ka saya akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a ciki, kuma kashi 35 cikin 100 na abin da aka tara daga wannan haraji rabon ƙananan hukumomi ne. Mai tallar tumatir ana yankar mata tikiti a kasuwa, direba yana biya a tasha, mahauci yana biya a mayanka. Man fetur ɗin ma dukiyar 'yan ƙasa ce, ba gadon gidan wani ba. Bambancin kawai, yanzu ana karɓa ne ba tare da mun ji zafin miƙawa ba. Saboda haka fushin malam yana kan hanya. Wanda ya biya kuɗin aiki, sannan ya dawo ya yi aikin da hannunsa, sau biyu aka caje shi.

To amma sai mu juya ga tela. Ita gayya ta girmi ƙaramar hukuma, ta girmi En'e, ta girmi zuwan Bature. Da ita manomi ke nome gonar da ta fi ƙarfinsa, da ita ake yashe rijiya, a ɗora jinka, a share hanyar kasuwa, a haƙa kabari. Dattijon da ba shi da 'ya'ya maza, samarin gari su ba shi yini guda, ya dafa musu abin da ya sawwaƙa. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, kuma babu wanda ake kai wa kotu don bai fito ba. Kunya ce ke fito da mutum, da sanin cewa gobe shi ma zai nema. Abin da gayya ke samarwa ya wuce aikin da aka yi. A wurin ne saurayi ke sanin sunan maƙwabcinsa, a wurin ake gane mai himma da mai zame jiki, a wurin baƙo ke zama ɗan gari. Unguwar da ta daina haɗuwa a kan aiki, sannu a hankali za ta koma tarin gidaje masu dogayen katangu, kowa da rijiyar burtsatsensa da janaretansa, ba mai sanin halin da wani ke ciki sai an ji sanarwar jana'iza.

Sannan akwai tambayar da malam bai amsa ba: wa zai ɗanɗana kuɗar ƙin aikin? Idan muka ce mun yi yaji, ba za mu taɓa kwata ba sai ciyaman ya zo, shi ciyaman bai ma san muna yi ba. Gidansa yana can unguwar da ruwa ba ya kwanciya. Wadda za ta biya ita ce tsohuwar nan mai katangar ƙasa, da yaron da sauro zai ciza ya kwanta da zazzaɓi, da matar da za ta kwana tana kwarfar ruwa da kwano. Ba daidai ba ne mutum ya yi jayayya da mai ƙarfi ta hanyar jingina wahalar a wuyan mai rauni. Kada mu manta kuma, ledar da ta toshe kwatar ba daga sakatariya aka kawo ta ba. Mu muka sha ruwa muka yar, mu muka aiki almajiri da bola da daddare muka ce ya juye inda ya ga dama. Addini ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, bai ce sai an tabbatar ko aikin wane ne ba.

Duk da haka, gayya tana da iyaka, kuma wanda ya ce ta isa ya yaudari kansa. Gayya za ta yashe kwata, amma ba za ta gina kwalbati mai ɗaukar ruwan unguwa biyar ba. Za ta yi wa aji rufi, amma ba za ta biya malami albashi na shekara talatin ba. Unguwar masu hali za ta haɗa miliyoyi cikin mako guda, ƙauyen da ke bayan rafi kuwa ko shekara aka ba shi ba zai haɗa ba. In aka bar kowa da ƙarfinsa, mai shi ya ƙaru, marar shi ya ƙara nutsewa. Amfanin hukuma kenan, ta karɓa daga kowa ta kai inda buƙata ta fi. Mafi haɗari shi ne ranar da gayya ta shiga harkar hukunci. A yankunan karkara na Zamfara da Katsina da maƙwabtansu mun ga yadda rikicin gona da burtali da satar shanu, irin wanda dagaci da arɗo kan zauna su kashe a da, ya rasa mai sasantawa. Jama'a suka ga ba mai kare su suka kafa 'yan sa-kai, aka shiga kisa ba shari'a, ramuwa ta bi ramuwa, mai laifi da marar laifi duk wuta ta ci. Akwai aikin da in hukuma ta bari jama'a suka ɗauka, ɓarnar ta fi gyaran yawa.

To ina mafita? Ni abin da na fahimta shi ne, malam da tela kowannensu rabin gaskiya ya riƙe, kuma rabin ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Mutanen da suke gayya su yi shiru, su ne ɓarawo ya fi so, domin sun ɗauke masa nauyi ba su tambaye shi komai ba. Masu ƙorafi a majalisar shayi ba tare da sun taɓa haɗuwa a kan wani aiki ba, su ma ba ya tsoronsu, don ya san ko taron mutum goma ba za su iya kira ba. Wanda yake tsoro shi ne jama'ar da ta saba fitowa tare, ta san adadinta, tana da littafin lissafi, sannan ta wanke hannu daga kwata ta wuce ofishinsa. Gayya ita ke ba mutum bakin tambaya. Wanda laka ta ɓata wa riga, in ya ce "ina kuɗinmu?" maganarsa tana da nauyin da ta mai zaman benci ba ta da shi.

Tambayar kuwa ba ta buƙatar digiri. Uku ce: nawa aka samu, me aka yi da shi, ina aikin yake mu je mu gani? Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu, kuma ana samun alƙaluman a intanet. Yaron da ya iya nemo sabon fim a wayarsa cikin minti biyu, zai iya nemo kason ƙaramar hukumarsa na watan jiya ya karanta wa dattawa. Kowace mazaɓa tana da kansila, a jihar Kano kaɗai akwai mazaɓu 484. Mutum ne da muka san gidansu, muka san mahaifinsa. Me zai hana duk wata uku a gayyace shi filin makarantar firamare, cikin mutunci, ba zagi ba jifa, a ce ya yi bayani? In ya ce kuɗin ba su iso ba, madalla, sai ya faɗi inda suka tsaya, a rubuta, a san ƙofar da za a buga ta gaba. A irin wannan zama kada a bar mata a baya, domin su suka fi kowa sanin ranar da famfo ya ƙafe da ranar da aka je asibiti ba a tarar da kowa ba.

Sai dai mu ma akwai sharaɗi a kanmu. Wanda zai nemi lissafi a wurin ciyaman, ya fara da bayar da lissafin dubu bibbiyun da ya tara. Sau nawa aka haɗa kuɗin taransfoma a unguwa, 'yan kwamiti suka yi gum, daga baya aka ga ɗaya ya sauya babur? Kuma wanda ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe, ya riga ya sayar da bakinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan mai zuwa gidan kansila da sassafe da takardar magani ko katin suna, ya sani cewa abin da aka ba shi daga kuɗin kwatar aka yanko. Ba za mu mayar da su asusun biki ba, sannan mu yi mamaki don ba su yi aiki ba.

A unguwarmu dai an yi gayya ranar Lahadi. An cika mota huɗu da shara. Malam bai ba da dubu biyunsa ba, kamar yadda ya rantse, amma da hantsi sai ga shi ya fito da littafi da biro. Ya rubuta sunan duk wanda ya bayar, da abin da aka kashe, da tsawon kwatar da aka yashe, da gidajen da ruwa ya shiga. Da yamma ya liƙa kwafi a bangon masallaci. Tela ya sa aka karanta masa, ya ce, "To Malam, tunda ka rubuta, sai ka rubuta wata mu kai sakatariya, ni zan raka ka." Ranar Talata mutum goma sha biyu suka tafi, har da tsohuwar mai katanga. Sun yi zaman awa uku a benci kafin a ce musu ciyaman ya yi tafiya. Suka bar takarda, malam ya dage sai da aka buga masa hatimi a kwafinsa.

Har yanzu ba a gina kwalbatin ba. Sun koma sau biyu, kuma sun sa ranar komawa ta uku. Ni ma na ce a sa sunana.